Darasi: Funfunar da ke Zaune Cikin Itatuwan Magani

A cikin ɗanyen ganye da sassaƙe da saiwar itatuwan magani, irin su sabara da maɗaci da sanya, akwai wasu ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani. Dangin funfuna ne, wadda a bakin mutanen Jega da Aliero da Maiyama ake ce wa hunhuna, wato abin nan da ke fito wa tuwo ko burodi idan ya kwana biyu a wuri mai laima. Yis da ke kumbura fanke, da laimar kwaɗi da ke tsirowa gindin itace da damina, duk gidansu ɗaya da ita. Abin da ya keɓe wadda ake magana a kanta a nan shi ne mazauninta: tana rayuwa a cikin naman tsiro mai rai, a 'yan tsakankanin ƙwayoyin halittarsa, tsiron kuwa yana tsaye lafiya lau, babu alamar ciwo tare da shi. Masana kimiyya suna kiranta endofait, sunan da wani Bajamushe masanin tsirrai, Anton de Bary, ya yi amfani da shi a 1866. Kusan duk tsiron da aka bincika da kyau an same ta a cikinsa, kuma itace guda yakan ɗauki iri-iri da yawa.

Hanyar shigarta biyu ce. Mafi yawa iska da ruwan sama da ƙwari ne ke kawo ƙwayoyin irinta su sauka a kan ganye, sai su tsira su kutsa ta ƙananan ƙofofin da ganyen ke shaƙar iska da su, ko ta wani rauni. Wata kuwa gadonta ake yi: tana shiga cikin irin tsiron tun yana jikin uwarsa, duk inda aka shuka shi tana tare da shi.

Zamanta da tsiron ya yi kama da na makiyayi da manomi bayan girbi: shanu su ci kara da harawa, gona ta sami taki, kowa ya ƙaru. Tsiro yana ba funfuna sukari da mafaka, ita kuma tana haɗa sinadaran da ke korar ƙwari, ko kashe wasu ƙwayoyin cuta, ko taimaka masa ya jure ƙishirwa da zafi. Sai dai zaman lafiyar yana da iyaka. Idan itacen ya tsufa ko ya galabaita, wasu daga cikin waɗannan baƙi sukan juya su fara cinsa. An ga ƙarfin wannan zama a fili a gandun Yellowstone na Amurka, inda wata ciyawa ke tsirowa a ƙasa mai zafi kusa da maɓuɓɓugan tafasasshen ruwa. A gwajin da aka buga a 2002, ciyawar da ke ɗauke da funfunarta ta jure zafin ƙasa har maki 65, wadda aka raba da funfunar kuwa ta ƙone. Ita ma funfunar ba ta jure wannan zafi ita kaɗai.

Yadda ake fito da ita

Mai bincike yakan tsinko lafiyayyen ganye ko ya yanko ɗan reshe, ya hanzarta da shi ɗakin gwaji. Aiki na farko shi ne kashe duk abin da ke manne a bayansa, don kada a ɗauki ƙurar hanya a ce ita ce 'yar ciki. Ana wanke shi, a tsoma shi cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, sannan cikin ruwan bilic da aka sirka, a ɗauraye da ruwan da aka riga aka dafa aka kashe ƙwayoyin cikinsa. Daga nan a yayyanka shi ƙanana, a jera a faranti mai murfi wanda aka zuba wa wani daskararren abinci na ruwan dankalin Turawa da sukari. Bayan 'yan kwanaki ko makonni, sai a ga zare-zare suna fitowa daga bakin yankan: wani fari, wani toka-toka, wani baƙi, wani ja-ja. Kowanne a ware shi a farantinsa. Wanda ake so a san abin da yake haɗawa, a raine shi a cikin romo ko a kan dafaffiyar shinkafa na wasu makonni, sannan a jiƙa da wani ruwan sinadari mai tsotso abin da ke ciki, a tace, a ƙafar da ruwan. Ɗan abin da ya rage a gindin kwalba, sau da yawa bai cika kan cokali ba, shi ake gwadawa.

Abin da ya ja hankalin duniya

Har wajen 1990 masu nazarin ciyawar kiwo ne suka fi damuwa da waɗannan halittu. Maganin cutar kansa mai suna taxol ne ya sauya lamarin. Daga ɓawon wani itace na dazuzzukan arewa maso yammacin Amurka, Taxus brevifolia, aka fara samunsa. Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana tsarinsa a 1971, aka amince da shi a asibitocin Amurka a 1992. Itacen ba ya saurin girma, maganin da ke ɓawonsa ɗan kaɗan ne, kuma saɓule ɓawon kashe itacen ne. Ana cikin wannan damuwa, a 1993 Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle na jami'ar jihar Montana suka ba da rahoton cewa sun fito da wata funfuna daga cikin ɓawon, kuma ita ma tana yin taxol. Nan take aka fara hangen ranar da za a riƙa noma maganin itace a cikin tanki, ba tare da an sare ko reshe ba.

Ranar ba ta zo ba tukuna. Abin da funfunar ta bayar bai wuce nanogiram 24 zuwa 50 a kowace lita ba, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. A 2013 ma wasu masana a Jamus sun bincika kundin gadon halittarta ba su ga alamar kayan haɗa taxol ba, abin da ya sa ake zaton ragowar taxol ɗin itacen ne ya biyo ta. Taxol da ake sayarwa yau daga ganyen dangin itacen da kuma ƙwayoyin tsiron da ake raino a tanki yake fitowa. Duk da haka rahoton 1993 ya buɗe ƙofa. Aka bazama cikin itatuwan magani na Sin da Indiya da Brazil da Afirka ana neman abin da ke ɓoye. Dogon yaro, wanda ya cika titunan Jega da harabar makarantu, yana cikin waɗanda aka fi tonawa. A Indiya, ƙasarsa ta asali, wani bincike na 2007 a Varanasi ya fito da iri 18 na funfuna daga ganye da reshe da ɓawonsa, kuma a 2012 aka ba da rahoton wata daga cikin 'yan cikinsa da ke yin azadiraktin, sinadarin nan da ke hana ƙwari cin amfanin gona.

Lalacewar da iska ke jawowa

Ɗaya daga cikin abubuwan da ake nema a wajen waɗannan funfunoni shi ne kariya daga lalacewar da iska ke jawowa. Idan aka ɓare goro aka bar shi, fuskar da aka ɓare takan sauya launi. Fartanya da ta kwana a raɓa takan yi tsatsa, man gyaɗa da ya daɗe a buɗe yakan sauya wari da ɗanɗano. Duka ukun aikin iskar oksijin ne. Jikin mutum ma da ita yake ƙona abinci ya sami ƙarfi, kuma a wajen ƙonawar wasu 'yan ɓurɓushin sinadarai masu zafin nama sukan kuɓuce. Kowanne yana da giɓin ilektiron ɗaya, don haka yakan fizgo daga duk abin da ya tarar: kitsen da ke bangon ƙwayar halitta, ko furotin, ko kundin gado. Wanda aka fizge wa shi ma ya fizgi na kusa da shi, ɓarna ta yi ta tafiya. Hayaƙin itacen girki da taba sigari da wasu magungunan feshi suna ƙara yawansu, kuma ana ganin hannunsu a ciwon suga da ciwon zuciya da sikila da tsufa.

Abin da ake kira antioksidan shi ne sinadarin da zai miƙa ilektiron ɗin da kansa ba tare da ya zama mai ɓarna ba, sai fizge-fizgen ya tsaya. Jiki yana haɗa nasa, kuma yana samun ƙari daga abinci: bitamin C na lemo da gwaiba da kwalba-da-nono, bitamin E na gyaɗa da riɗi, jan launin zoɓo, da kuwasetin da ke cikin jar albasa irin wadda Aliero ta yi suna a kanta.

Dalilin da ya sa funfunar cikin tsiro ta gwanance wajen haɗa irin waɗannan sinadarai ba ɓoyayye ba ne. Makamin farko da tsiro ke jifan duk mai kutse da shi shi ne waɗannan ɓurɓushi masu ƙuna. Funfunar da za ta zauna a ciki dole ta iya kashe kaifinsu, in ba haka ba ta mutu a bakin ƙofa. Bayan haka, duk lokacin da fari ko zafin rana ya matsa wa ganye, ɓurɓushin sukan taru a cikinsa, kariyar da baƙuwar ta tanada wa kanta sai ta amfani mai gida. Itacen da ke tsaye da ganyensa a tudun Maiyama cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ya cancanci a leƙa cikinsa saboda wannan dalili.

Misalin da aka fi ambata ya fito ne daga Papua New Guinea. A can Strobel da abokan aikinsa suka sami funfuna mai suna Pestalotiopsis microspora a cikin wani itace na dangin Terminalia, dangin da baushe yake ciki, marke ma ɗan'uwansu ne na kusa. Daga gare ta aka ware sinadarai biyu, isofestasin a 2002 da festasin a 2003, duka suna kashe kaifin ɓurɓushin, suna kuma hana wasu funfunoni masu cuta girma. A 2007 wani bincike ya gwada funfuna 292 da aka fitar daga tsirran magani 29 na ƙasar Sin, ya nuna cewa waɗanda suka fi yawan sinadaran fenol su ne suka fi ƙarfin wannan aiki. Fenol ɗin nan dangi ne na abin da ke sa bagaruwa da ganyen shayi bauri.

Gwajin da aka fi yi mai sauƙi ne. Akwai wani sinadari mai launin shunayya, DPPH, wanda ke komawa ruwan ɗorawa idan ya sami ilektiron. A ɗiga masa abin da aka tatso daga funfuna, a auna yadda launin ya koɗe, a kwatanta da bitamin C. Sauƙinsa da araharsa suka sa ɗaruruwan rahotanni suka tsaya a kansa, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Koɗewar launi a kwalba ba ta nuna ko hanji zai tsotsi sinadarin, ko hanta za ta bar shi ya kai inda ake bukata, ko zai yi lahani a hanya. An taɓa gwada fatan da ake ɗora wa antioksidan a jikin mutane da beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa. A Finland aka bi maza masu shan taba fiye da 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 ga waɗanda aka ba ƙwayar. Wani gwajin a Amurka aka dakatar da shi a 1996 saboda irin wannan sakamako. Cin karas da ganye yana da amfani, amma cure sinadari guda a haɗiya da yawa wani abu ne daban.

Garkuwar jiki: ɗagawa da kwantarwa

Wani abin da ake nema a wajen funfuna shi ne tasirinta a kan garkuwar jiki. Garkuwar jiki aikin fararen ƙwayoyin jini ne da abokan aikinsu. Wasu suna haɗiye ƙwayar cuta, wasu suna haɗa sinadaran da ke gane ta idan ta dawo, wasu suna aika saƙon da ke tara jama'a wurin rauni, abin da ake gani a waje a matsayin kumburi da zafi da ja. Masu haɗiyewar da waɗancan ɓurɓushi masu ƙuna suke kashe abin da suka haɗiye, kuma yaran da aka haifa jikinsu ba ya iya haɗa su sukan yi ta fama da ƙuraje da ciwon huhu. Ashe ɓurɓushin ba abin kawarwa ba ne gaba ɗaya, yawansu ne ke zama illa.

Masu tallar magani a lasifika ranar kasuwa kalma ɗaya suka riƙe, ita ce ƙarfafa garkuwa. Likita kuwa yakan bukaci ɗagawa wani lokaci, wani lokaci kuma kwantarwa, domin garkuwar da ta wuce gona da iri ita ke kawo asma da wani nau'in amosanin gaɓɓai, ita ke kuma far wa ƙodar da aka dasa wa mutum.

Ta fuskar ɗagawa, abin da aka fi sani shi ne beta-gulukan, wani sarƙaƙƙen sukari da ke bangon kusan kowace funfuna. Fararen ƙwayoyin jini suna da wurin gane shi a jikinsu, da zarar sun taɓa shi sai su zabura. A Japan an amince da lentinan, irin wannan sukari da aka tatso daga wata laimar kwaɗi da ake ci, a matsayin allurar taimako ga masu kansar ciki a 1985. Wasu funfunonin cikin tsiro ma suna fitar da sarƙaƙƙen sukari mai zaburar da waɗannan ƙwayoyi, amma shaidar da ake da ita ta faranti ce da ta ɓeraye.

Ta fuskar kwantarwa ne funfuna ta ba asibiti magunguna mafi tabbaci. Sikulosiforin ya fito daga wata funfunar ƙasa da aka ɗebo a Norway, kamfanin Sandoz na Switzerland ya sarrafa shi, aka amince da shi a Amurka a 1983, kuma daga nan dashen ƙoda da hanta da zuciya ya zama aikin da ake sa ran nasararsa. Asid ɗin maikofenolik, wanda wani likita ɗan Italiya, Bartolomeo Gosio, ya fara warewa daga funfunar ruɓaɓɓiyar masara a 1893, shi ma yau ana ba masu dashe. Duk wanda aka yi wa dashen ƙoda, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko a Masar ko a Indiya, da wuya a rasa irin waɗannan a cikin magungunan da zai riƙa sha. Su biyun ba daga cikin itacen magani aka fara samunsu ba, amma su suka sa aka nemi irinsu a can. A 1995 aka samu: wata kurangar Sin da masu maganin gargajiyarsu ke ba mai ciwon gaɓɓai, Tripterygium wilfordii, tana ɗauke da funfunar Fusarium subglutinans, wadda ke yin sinadarai biyu, subgulutinol A da B. A gwajin faranti sun hana fararen ƙwayoyin jini hayayyafa ba tare da sun kashe su ba. Har yanzu ba su zama maganin kanti ba.

A Nijeriya ma ana wannan aiki. Masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, tare da takwarorinsu na jami'ar Düsseldorf ta Jamus, sun ware sinadarai daga funfunar Corynespora cassiicola da suka samu a cikin utazi, ganyen miya mai ɗaci na ƙasar Ibo, suka buga sakamakon a 2013.

Inda guba take

Duman kada, mai yaɗo da fure mai launin shunayya a bakin fadama da gefen gulbin Zamfara, misali ne na kusa. A arewa maso gabashin Brazil, inda shi ma yake yaɗo, awaki da tumaki da shanun da yunwar rani ta sa suka ci shi da yawa sukan kamu da makyarkyata da tangaɗi. An daɗe ana ɗora wa tsiron laifi. Daga baya masana a jami'ar Bonn ta Jamus suka nuna cewa wata funfuna ce ke zaune a fuskar ganyensa, tana kuma bin irinsa daga uwa zuwa ɗa, suka raɗa mata suna Periglandula a 2011. Da aka kashe ta da maganin feshi, sinadarai masu guba da ake kira ergot, waɗanda ake samu a ganyen, suka ɓace. Irin wannan ya faru a Amurka da ciyawar kiwo mai suna fescue: shanu suna ramewa, kofato da jela suna ruɓewa, sai a 1977 aka gano funfunar da ke cikinta. Masara ma tana ɗauke da wata Fusarium a cikin kara da tsaba, wadda ke iya yin gubar fumonisin.

Saboda haka amfani da illar da ake jingina wa tsiro, wani sashensu yana iya zama aikin abin da ke cikinsa. Wannan yana iya zama ɗaya daga cikin dalilan abin da masu magani suka daɗe suna faɗa, cewa itacen tudu da na fadama ba ƙarfinsu ɗaya ba, haka wanda aka sassaƙa da rani da na damina. Ƙasa da ruwa da shekarun itace suna da nasu tasirin, kuma bincike ya tabbatar cewa irin funfunar da ke cikin itace tana sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga lokaci zuwa lokaci.

Wajibi ne a rarrabe wannan da funfunar da ke fito wa sassaƙe ko garin magani bayan an ajiye shi da laima. Ta ajiya sau da yawa Aspergillus ce, mai yin gubar afalatoksin da ke lalata hanta ta kuma jawo kansarta. Ita ce ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960 ta hanyar tunkuzar gyaɗa, ta kashe mutane 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara. Tafasawa tana kashe funfuna, amma ba ta rusa wannan guba. Sassaƙen da ya yi kore-kore ko baƙi-baƙi, ko yake warin ruma, zubar da shi ake yi. Wanda za a ajiye a shanya shi a kan tabarma ko rumfa, ba a ƙasa ba, ya bushe ƙayau kafin ya shiga buhu.

Abin da ya rage a yi a yankin

A kan hanyoyin da suka ratsa Jega da Maiyama ba wuya a ga maɗaci ko marke da aka sassaƙe ta kowane gefe. Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, don haka itacen da aka zagaye da sassaƙa mutuwa zai yi, ko da ya ɗauki shekara yana tsaye. Maɗaci yana cikin jerin itatuwan da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna fuskantar barazana. Kowane itace da ya faɗi yana tafiya da funfunonin cikinsa, waɗanda galibinsu ba a ma raɗa musu suna ba. Mai binciken endofait kuwa ganye kaɗan ya ishe shi, kuma funfunar da ya ware ana iya adana ta shekaru a firiza.

Kayan fara aikin ba su fi ƙarfin ɗakin gwajin jami'a ba, kamar ta kimiyya da fasaha da Jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006, ko ta tarayya da ke Birnin Kebbi, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ilimin wane itace ake ba mai wane ciwo kuwa yana hannun masu magani, da unguwarzoma, da masu ɗorin Aliero da ake zuwa wurinsu daga nesa. Wahalar tana gaba. Gane ainihin funfuna yana bukatar karanta kundin gadonta, ware sinadari guda a san tsarinsa yana bukatar na'urori masu tsada, kuma funfunoni da yawa sukan daina haɗa sinadarin bayan an raba su da itacensu an yi ta sauya musu faranti. Wanda ya tsallake wannan sai gwajin guba a dabbobi, sannan gwaji a mutane mataki uku, aikin da kan ci shekara goma ko fiye, kuma mafi yawan sinadarai a hanya suke faɗuwa. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja an kafa ta ne don irin wannan doguwar hanya. Lambar da hukumar NAFDAC ke ba maganin gargajiya a matakin farko shaida ce ta cewa an duba tsabtarsa da rashin gubarsa, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da ke kanta ba.